Ma'anonin "Stand Out" da Ƙa'idar Aiki da Shi

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin nahawu a zaure ya san cewa harafi guda kan juya ma'anar fi'ili baki ɗaya, domin a Larabci "ragiba fi" so ne, alhali "ragiba an" ƙi ne. Haka kuwa al'amarin yake a Turanci, kuma gafala daga wannan ƙa'ida tana cikin abubuwan da ke wahalar da ɗalibanmu na Rano da Kibiya idan sun zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Misali mafi kusa shi ne "stand out", wanda mai fassara kalma da kalma zai ɗauka tsayuwa ce a waje, alhali kuwa wannan "stand outside" ake ce mata.

Ma'anarsa ta zahiri ita ce bayyana ga ido ƙarara, har abu ya bambanta da abin da ke kewaye da shi. Matafiyin da ya doshi Rurum, ya hango duwatsunta sun tokari sama, zai ce "the rocks stand out against the sky". Daga nan ne aka ɗauko ma'ana ta majazi, wadda ta fi yawa a bakin mutane, wato yin fice ko zarra cikin tsara. Rano, garin Autan Bawo, ɗaya ce daga Hausa Bakwai, kuma ita da Kano aka yi wa laƙabi da Sarakunan Baba saboda shahararsu a rini. Mai son bayyana wannan fifiko sai ya ce "Rano stood out among the Hausa states".

Akwai kuma ma'ana ta uku wadda ba a faye jin ta ba, wato dagewa: idan manoman Kibiya suka ƙi sakin masararsu sai an ƙara kuɗi, "they stood out for a better price", idan kuwa wani ra'ayi suka bijire wa, sai "against" ta maye gurbin "for".

Ta fuskar nahawu, fi'ilin lazimi ne, ba ya ɗaukar maf'uli, ba a kuma raba kalmominsa biyu a cusa suna a tsakani, sannan shuɗaɗɗen lokacinsa "stood out" ne. Ɗan'uwansa "outstanding" yana bukatar hattara, domin idan ya siffanta ɗalibi, fitacce ake nufi, amma idan ya siffanta bashi, to wanda ba a biya ba ne.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantunmu da su riƙa koyar da irin waɗannan fi'ilai a dunƙule, kowanne cikin jimlar da aka gina da abin da yaro ya sani a garinsu, domin ilmin da aka ɗora bisa sananne ya fi hadda zama a zuciya. Allah ya sa mu dace.