Matan Yankin Ƙanƙara da Sana'ar Gini

Masu cewa gini aikin maza ne zalla sun manta da daɓe, wato bubbuga ƙasan ɗaki da madaɓi bayan an zuba tsakuwa da ruwan makuba, aikin da matan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka daɗe suna yi ta hanyar gayya, suna waƙa suna bugu har ƙasa ta yi santsi da ƙarfi. A da, magina maza ne ke aza tubali su tayar da bango, amma ba a tarewa a ɗakin amarya sai hannun mata ya bi ta kansa. Zuwan siminti da bulo ne ya raba mata da wannan gado, domin sabon gini yana buƙatar ilmin lissafi da awo, kuma samari aka fi turawa koyonsa.

A matakin ƙasa ƙofar aikin injiniya ta buɗe wa mata tun tuni, ganin cewa Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN a 1982, sannan a 2024 Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, wadda aka kafa tun 1958. Sai dai hanyar da za ta kai yarinyar wannan yanki Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina ko tsangayar injiniyanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana farawa ne daga ajin kimiyya na sakandare, kuma nan ne matsalar take. Sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020 ya jefa tsoro a zukatan iyaye, kuma uban da ya ji tsoron tura ɗansa makarantar kwana ya fi jin tsoron tura 'yarsa.

Buƙatar kuwa a fili take. Gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu suna neman mai haɗa wayar lantarki da faifan sola da bututun ruwa, kuma mace ce za ta shiga ba tare da an jira dawowar maigida ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikinsa, yana gina ajujuwa domin ilmin 'yan mata, saboda haka ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da masu sarauta su nemi a haɗa da ɗakunan gwaje-gwaje da malaman lissafi a makarantun jeka-ka-dawo na kusa da gida.