Idan Intanet Ya Yanke A Kwamfutar Gida, Daga Ina Za A Fara Bincike?

A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu gidajen da ke da intanet suna samunsa ne ta wata 'yar na'ura mai cin layin waya, wadda ake kira rawuta. Ita ke kamo saƙo daga turken kamfanin sadarwa, ta miƙa wa kwamfutar tebur ta cikin kebul. Ran da hanyar ta yanke, ga shi malami yana son tura sunayen ɗalibansa masu jarrabawar NECO kafin wa'adi ya cika, abin da ke fara zuwa baki shi ne "babu sabis". Sau da yawa kuwa kamfanin ba shi da laifi, cutar tana cikin ɗaki.

Likitan da ya tarar ƙafa ta daina motsi yakan bi jijiya gaɓa-gaɓa kafin ya tuhumi ƙwaƙwalwa. Haka ya kamata a bi da wannan matsala, kuma abu ɗaya tak ake sauyawa kafin a sake gwadawa, kamar yadda ake koyarwa a ɗakin gwaje-gwaje. Da farko a haɗa wayar hannu da rawutar ta Wi-Fi. In ita ma ta kasa buɗe shafi, a duba ko data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. In ta buɗe, kamfani ya fita daga zargi, saura kebul da kwamfuta.

Kebul ɗin ya samo asali daga tsarin Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox na Amurka a 1973. A cikinsa akwai siraran wayoyin tagulla 8, an murɗe su biyu-biyu domin rage katsalandan ɗin wutar lantarkin da ke kusa, kuma bai kamata tsawonsa ya wuce mita 100 ba. A bakin ramin da ake cusa shi, galibi akwai 'yar fitila. In tana ƙyaftawa, na'urorin biyu suna jin juna. In ta mutu, a zare kan kebul, a kaɗe ƙurar hunturu da ta taru a ramin, a mayar har a ji ya yi ƙas. Daga nan a bi shi da hannu har ƙarshe, musamman bayan kabad. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa yake gaigayar duk abin da ya samu, har da robar kebul. Wani abin mamaki shi ne, kebul ɗin da aka ci rabinsa yana iya ci gaba da aiki a hankali, domin gudun megabit 100 wayoyi 4 kawai yake bukata, na gigabit kuwa sai duka 8. Aron wani kebul daga maƙwabci ya fi dogon zato amfani.

In fitila tana ci amma shiru, sai a duba adireshi. Rawuta ke ba kowace na'ura lambarta. A Windows, umarnin ipconfig yana nuna ta. Lambar da ta fara da 192.168 alama ce ta lafiya. Wadda ta fara da 169.254 kuwa tana nufin kwamfuta ta nemi adireshi ba a ba ta ba, ta raɗa wa kanta. A nan sai a kashe rawuta na minti ɗaya a kunna, a kuma ɗauke ta daga bakin taga, domin zafin watan Afrilu yakan sa ta daskare.

Sai umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Aikinsa irin na jemage ne: ya aika sauti, ya saurari amsa-kuwwa. A fara da adireshin rawuta, sannan 8.8.8.8 na kamfanin Google. In lambar ta amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunayensu, to tsarin DNS mai mayar da suna lamba ne ya tsaya, kuma sanya 8.8.8.8 a gurbinsa yakan warware shi.

Akwai wani ɗan rami a bayan rawuta da yara kan so su tsokana da tsinke. Danna shi yana shafe kalmar sirri da dukkan saitin da aka yi, don haka a bar shi sai an gama sauran gwaje-gwajen, kuma a kwafe saitin a takarda tukuna.