Jak, Tifa da Man da ke Ɗaga Su

Ƙaramin jak da bakanike ke cusawa ƙarƙashin mota da ƙatuwar sandar da ke ɗaga bayan tifa duk ƙa'ida ɗaya ke tafiyar da su: mai ba ya matsuwa, don haka idan aka danna shi ta ƙaramin bututu sai ya kai ƙarfin ga babban. Blaise Pascal na Faransa ne ya bayyana wannan, Joseph Bramah na Ingila kuma ya ƙera injin matsa da shi a 1795.

Saboda haka mai gyara ya fara duba man kafin ya kwance ƙusa ko ɗaya. In jak ya ɗaga sannan ya riƙa sauka a hankali, robar ciki ta cinye ko datti ya hana bawul rufewa. In ana bugawa yana laushi bai tashi ba, iska ce ta shiga. A buɗe bawul ɗin saukarwa, a buga hannun sau da yawa, a cika mai. Man da ya koma fari kamar madara ruwa ya sha. A sanyin hunturun Jos mai kan yi kauri da safe, tifa ta yi nawa, lafiyarta ƙalau. A bar injin ya ɗumama. Man birki kuwa kada a kuskura a zuba, kumbura roba yake yi.

Ba a laluben yoyo da hannu. Man da ke tsartuwa ta ƙaramar huda yana iya huda fata. A kara kwali. Kuma ba a shiga ƙarƙashin bayan tifa sai an tokare shi da ƙarfe.

Ranar da jak ko injin ɗaga tifa ya mutu, ƙarfensa ba ya rasa mai saye, 'yan gwangwan na nan. Man ne abin damuwa. A unguwar Rikkos da ke Jos, abin da aka tuttular a kwata Dilimi ya nufa, kogin da masu lambu ke shayar da kabeji da karas da ruwansa. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 ya san yadda ruwa ke kwashe duk abin da ya tarar a unguwar. A sauke injin ƙasa, a saki ƙarfin da ya rage ciki, a tsiyaye man cikin jarka mai murfi, a miƙa wa masu sayen baƙin mai, sannan a kira mai gwangwan ya auna ƙarfen.