Ranar da Maginan Kabarin Fir'auna Suka Ajiye Kayan Aiki

A shekara ta 29 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Uku, wajen shekaru 1,150 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wasu mutane suka fito daga wani ɗan ƙauye da ke bayan duwatsu a yammacin Kogin Nilu, daura da inda birnin Luksor yake a yau. Suka bi ta wuraren gadi guda biyar, babu wanda ya iya tare su. Suka je bayan haikalin Tutmos na Uku suka zauna a ƙasa. Da manya suka zo suna tambayar abin da ya faru, sai suka ce yunwa suke ji, kwana 18 ke nan da shigowar wata ba a ba su abincinsu ba. Aka lallashe su, aka yi musu rantsuwa da sunan Fir'auna, suka ƙi motsi har rana ta faɗi.

Wannan shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu labarinsa a rubuce. Kuma wanda ya rubuta shi ɗan ƙauyen ne, magatakardansu mai suna Amennakt, wanda ya ga komai da idonsa.

Ƙauyen a yau ana kiransa Dairul Madina. Su kuwa mazaunansa Set Ma'at suke ce masa, wato Wurin Gaskiya. Gidaje kusan 70 ne a cikin ganuwa, a manne da juna, da lungu guda ya ratsa tsakiya. Masu sassaƙar dutse ne da masu zane da masu shafe, kuma aikinsu ɗaya ne tun kaka da kakanni: haƙa kaburburan sarakuna a Kwarin Sarakuna da ƙawata su. An raba su gida biyu, ɓangaren dama da na hagu, kamar ma'aikatan jirgin ruwa, kowane ɓangare da shugabansa. Makonsu kwana goma ne, takwas a bakin aiki, biyu a gida.

Mutane da yawa sun ɗauka bayi ne aka kora da bulala suka yi waɗannan ayyuka. Waɗannan dai 'ya'ya ne masu albashi, kuma masu daraja. Da yake babu tsabar kuɗi a Masar ta lokacin, da hatsi ake biyansu. Ma'aikaci yana karɓar buhu huɗu na alkama da buhu ɗaya da rabi na sha'ir a wata, kowane buhu kuwa yana cin kimanin lita 77. Alkamar ta gurasa ce, sha'ir na giya. Da rarar ake sayen tufa da gado da akuya. Tun da ƙauyen a cikin hamada yake, babu gona babu rijiya, hukuma ce ke turo masu kawo ruwa a kan jakuna, da masunta, da masu itace, har da masu wanki. Shi ya sa idan hatsi ya makara, babu wani wajen da za a juya.

Lissafi a wurin nan ba wasa ba ne. Ana auna nauyin kayan sassaƙa na jan ƙarfe kafin a ba ma'aikaci, a sake aunawa idan ya dawo da su. Lagwanin fitilar da suke shiga da ita cikin ramin kabari ma ƙirga shi ake yi. Akwai wani allon dutse da ke gidan tarihi na Landan, daga shekara ta 40 ta mulkin Ramsis na Biyu, inda aka jera sunayen ma'aikata da dalilin fashin kowa: wannan kunama ta harbe shi, wancan yana dafa giya, wani ciwon ido, wani yana shirya gawar ɗan'uwansa. Duk lokacin da na tuna da allon nan sai na ji kamar na san mutanen. Hukumar da ke ƙirga lagwani da kwanan fashi, ita ce ta bar su kwana 18 ba tare da ƙwaya ba, su ma kuwa sun iya ƙirga.

Washegarin zaman da suka yi a bayan haikalin Tutmos, sai suka nufi haikalin Ramsis na Biyu. Ba banza suka zaɓe shi ba. Misirawa sun yi imani cewa mamaci yana ci yana sha a lahira, don haka kowane sarki yake gina haikalin da za a riƙa miƙa masa gurasa da giya bayan ransa, da gonaki da rumbuna na kansa. Rumbunan tubali na wannan haikali har yau suna nan tsaye, a jere kamar ramukan ɓera don yawa. Ma'aikatan sun san hatsi yana ciki. Wani magatakarda ya kawo musu 'yan dunƙulen waina 55 don a kwantar da hankali, amma me wannan zai yi wa magidanta da iyalansu? A rana ta uku suka kutsa cikin haikalin. Suka gaya wa jami'ai cewa yunwa da ƙishirwa ne suka kawo su, ba su da tufa, ba mai, ba kifi, ba ganye, a aika wa Fir'auna da waziri. A ranar aka ba su hatsin watan da ya wuce.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne shugaban dogarai, Mentmose, wanda aikinsa shi ne ya mayar da su gida. Shi ne ya ce musu su kulle ƙofofinsu, su ɗebo matansu da 'ya'yansu, shi da kansa zai shige gaba ya kai su haikalin Seti na Ɗaya su zauna.

Magana ba ta mutu a nan ba. Wata na gaba suka sake fita, kuma a wannan karon suka ce ba yunwa kaɗai ba ce, ana aikata ɓarna a wurin Fir'auna. Wani ma'aikaci mai suna Mose ya rantse cewa idan aka ɗauke shi da ƙarfi, to ba zai kwanta ba sai ya fasa kabari. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gina kaburbura, ya kuma yarda cewa taɓa su babban saɓo ne, shi ya furta haka. A ganina sun fahimci addininsu sarai: Ma'at, wato gaskiya da daidaito, ita ce amanar da ke wuyan sarki, kuma ciyar da ma'aikacinsa yana cikinta.

Waziri, mai suna To, ya biyo ta yankin yana tattara gumaka don bikin cikar sarki shekara 30 a gadon mulki. Ya aiko da saƙo cewa rumbuna babu komai, amma zai ba da abin da ya samu. Rabin albashi aka raba. Daga baya magajin babban birnin yankin ya ba su buhu 50 na alkama su riƙe rai. Ramsis na Uku kansa bai daɗe ba. Bayan 'yan shekaru aka ƙulla masa makirci daga cikin gidansa, kuma binciken da aka yi wa gawarsa da na'ura, aka bayyana a 2012, ya nuna an yanke masa maƙogwaro. An binne shi a Kwarin Sarakuna, cikin kabarin da mutanen wannan ƙauye suka haƙa.

Ƙauyen ya watse a zamanin Ramsis na Goma Sha Ɗaya, rairayi ya rufe shi. Daga 1922 zuwa 1951 wani Bafaranshe, Bernard Bruyère, ya tono shi, ya samu dubban tsingaro da gutsattsarin dutse masu ɗauke da wasiƙu da bashi da shari'o'in mutanen. Takardar Amennakt kuwa tana gidan tarihin Masar da ke birnin Turin na ƙasar Italiya.