Katin Asibiti Bayan Rabuwar Ingila Da Tarayyar Turai

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Mutanen Ingila sun ga gaskiyar wannan magana sa'ad da ƙasarsu ta fita daga Tarayyar Turai, gama a cikin dukan abubuwan da aka yi gardama a kansu, kaɗan ne suka taɓa talaka kai tsaye kamar zancen wani ɗan kati da matafiyi ke sawa a aljihu.

Ga asalin maganar. Ingila ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai a shekarar 1973. Ƙasashen nan sun yi alkawari tsakaninsu, kadan mutumin wata ƙasa ya je wata baƙunci, ciwo ya kama shi, to, asibitin gwamnatin wurin zai duba shi kamar ɗan ƙasa, daga baya gwamnatocin biyu su yi lissafi tsakaninsu. Da farko takarda ake cikawa, mai suna E111. A shekarar 2004 aka soma maye gurbinta da katin da ake kira EHIC, wanda ake bayarwa kyauta.

Ran 23 ga watan Yuni, 2016, aka jefa ƙuri'a, kimanin kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi fita. Aka fita ran 31 ga Janairu, 2020, amma aka bar tsoffin dokoki suna aiki har ƙarshen wannan shekara. To, a nan fa hankalin mutane ya tashi. Ku dubi mai ciwon ƙoda, wanda sai an wanke masa jini da na'ura sau uku a mako. Da katin nan yana iya shirya wankin jininsa a asibitin Faransa ko Sifen, ya ziyarci 'ya'yansa. In babu katin, sai ya biya daga aljihunsa, kamfanonin inshora kuwa ba su cika son mai tsohon ciwo ba. Irin wannan bawan Allah, rasa kati daidai yake da ɗaure shi a gida.

Sai ran 24 ga Disamba, 2020, saura mako guda wa'adi ya cika, aka daidaita yarjejeniyar ciniki da haɗin gwiwa, aka kuma sa zancen magani a cikinta. Cikin watan Janairu, 2021, Ingila ta fito da sabon kati mai suna GHIC. Shi ma kyauta ne, yana yin shekara biyar, yana kuwa aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar. Masu tsohon kati aka ce su ci gaba da shi har kwanansa ya ƙare. Tsofaffin Ingila masu fansho da suka riga suka zauna a ƙasashen Turai kafin rabuwa, su ma an tsare musu hakkinsu na magani.

Amma fa ya kamata mai karatu ya san iyakar katin, don kada ya dogara da shi fiye da kima. Abin da ya ɗauka shi ne maganin da ba zai iya jira mutum ya koma gida ba, ko sabon ciwo ne, ko tsoho ne ya tashi. Bai ɗauki asibitin kuɗi ba. Bai ɗauki kuɗin jirgin da zai mai da majinyaci gida ba. Wanda kuma ya tashi musamman don neman magani, ba wannan katin ne hanyarsa ba. Har wa yau, a duba mutum kamar ɗan ƙasa ba ya nufin kyauta a ko'ina. A Ingila, tun 1948 ba a biyan kuɗin ganin likitan gwamnati. A Faransa kuwa, majinyaci yakan biya likita tukuna, sa'an nan a mayar masa da kashi mafi yawa, saura ya zama nasa. Saboda haka ita kanta gwamnatin Ingila tana gargaɗin matafiya su haɗa da inshora, gama rigakafi ya fi magani.

Abin lura a nan shi ne, shugabannin da suka shekara huɗu suna jayayya a kan kifi da kwastan da iyakar Ailan, da suka zo kan marar lafiya sai suka ga babu riba ga kowa a bar shi a ƙofar asibiti. Bature ɗan Jamus da ya faɗi a Landan yana bukatar abin da ɗan Ingila da ya karye a duwatsun Italiya ke bukata. Ana iya raba majalisa, a raba doka, amma maƙwabtaka ba ta rabuwa, domin ƙasa ba ta ƙaura. Duk ƙasar da ta ƙudura barin wata tarayya, ya wajaba shugabanninta su fara tambayar kansu: in ɗanmu ya kwanta ciwo a can, wa zai duba shi? Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.