Dutsen Da Ya Fito Da Shugaban Amurka Gaban 'Yan Jarida

Mai karatu, a ce kai ne kake tafe kan babur ɗin ƙanƙara a Antatika, ko'ina fari fat, sai ka hango wani dutse da bai cika kilo 2 ba, zaune shi kaɗai. Za ka tsaya ko za ka wuce? Roberta Score dai ta tsaya. Ranar 27 ga Disamba, 1984 ce, a Allan Hills, tana cikin ayarin Amurkawa masu tsintar duwatsun da suka faɗo daga sama. Dutsen ya yi mata kore-kore a ido, ya burge ta har aka ba shi lamba ta ɗaya cikin tsintuwar shekarar: ALH84001. Da aka buɗe shi a Houston, sai ga shi toka-toka kamar tsakuwar bakin hanya.

Aka yi masa kuskuren asali, aka ajiye. Shekara tara yana amsa dangin da ba nasa ba, sai a 1993 David Mittlefehldt ya sake dubawa ya gano ɗan duniyar Mars ne. Shekarunsa kimanin biliyan 4, kuma ya yi wajen shekara 13,000 kwance cikin ƙanƙara. Me ya ƙunso a cikinsa?

David McKay na hukumar NASA da abokan aikinsa suka ga wasu ɗigo-ɗigo ruwan goro a tsagogin dutsen, irin ma'adinin da ruwa kan bari. Suka aika ɓarɓashinsa zuwa ɗakin binciken Richard Zare a Jami'ar Stanford, inda ake da wata na'ura mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari ba tare da an niƙa dutse ba. Hasken leza na farko yakan bugi wuri ɗaya wanda bai kai kaurin silin gashi ba, ya tayar da ƙwayoyin da ke manne a wurin kamar tururi. Leza ta biyu ta ɗora musu caji, lantarki ya ingiza su cikin wani bututu su yi tsere. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, daga lokacin isowa a san ko wane ne. Sai a gusa kaɗan a sake bugawa, ɗigo bayan ɗigo, har a samu taswirar da ke nuna abin da ke kan dutsen da inda yake zaune. Wannan "inda" ɗin shi ne ya hana mutane barci.

An samu sinadaran kabon da ake kira PAH. Ba baƙi ba ne, suna cikin hayaƙin mota da ƙonannen gefen tsire, kuma matattun halittu kan bar su in sun ruɓe. Amma a ɓawon dutsen kusan babu su, sai an nutsa ciki suke ƙaruwa, suna taruwa kusa da ɗigon nan ruwan goro. In dattin duniyarmu ne, ai daga waje zai fi yawa, kamar yadda ruwan sama ke jiƙa bayan tubali kafin cikinsa. Ga kuma wasu siffofi mitsi-mitsi masu kama da tsutsa da madubin lantarki ya nuna.

To, mai karatu, kai ne McKay. Ka yi shiru ka ƙara shekara goma kana tantancewa, ko ka fito ka ce wataƙila an taɓa rayuwa a Mars? Ya fito. Ranar 7 ga Agusta, 1996 NASA ta tara 'yan jarida, Shugaba Bill Clinton da kansa ya yi jawabi a Fadar White House. A teburin taron NASA ɗin kuwa akwai William Schopf, masanin tsoffin burbushin halittu, yana faɗa a fili cewa hujjar ba ta isa ba.

Ba a jima ba aka fara warware saƙar. A 1998 Timothy Jull na Jami'ar Arizona ya auna kabon-14, wanda ba ya daɗewa bai lalace ba, ya nuna mafi yawan kabon ɗin na nan duniya ne. Ashe dutse ba tubali ba ne: narkakkiyar ƙanƙara ta daɗe tana bin tsagogi tana shiga can ciki. Siffofin tsutsar ma aka ce sun yi ƙanƙanta da yawa a kira su halitta.

McKay bai janye ba har ya rasu a 2013. Taurin kai ne? Ni ina ganin ƙarfin hali a ciki, domin ya miƙa hujjarsa ga masu neman karya ta, bai ɓoye ba, kuma muhawarar ta taimaka NASA ta kafa cibiyar nazarin rayuwa a wasu duniyoyi a 1998.

A Janairun 2022 Andrew Steele na cibiyar Carnegie ya sake zana taswirar dutsen da na'urorin da suka fi na da kaifin ido nesa ba kusa ba. Ya tarar lallai akwai kabon ɗan asalin Mars a ciki, kamar yadda McKay ya dage. Sai dai ba halitta ce ta bar shi ba, ruwa ne ya ratsa dutse shekaru biliyoyi da suka wuce, suka haɗa shi su biyu. Da McKay yana raye ranar, mai karatu, murna kake tsammanin zai yi ko baƙin ciki?