Yadda A Ke Tsiyaye Baƙin Mai Daga Inji

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Birnin Gwari suna da wani inji da aka saya da kuɗin taro. Waɗansu a-kori-kura gare su ta ɗaukar masara, waɗansu injin niƙa, waɗansu kuwa injin ban ruwa na lambu. Dukiyar ekklesiya ce da ta membobi, wanda kuma aka danƙa wa makulli amana ya ke riƙe da ita. Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe karar Birnin Gwari cikin watan Nuwamba na 2024, motoci sun ƙara bin hanyar Kaduna da ta Funtuwa. Duk da haka ba direban da zai so injinsa ya buga tsakanin Udawa da Buruku, ko a gefen dajin Kamuku, rana tana shirin faɗuwa. Sau da yawa kuwa bugun inji daga wurin juyen mai ya ke somawa.

Aikin baƙin mai ba santsi kaɗai ba ne. Yana kewaya cikin inji yana kwashe ƙura, da baƙin hayaƙi, da garin ƙarfen da ke fita sa'ad da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Idan inji ya kwana bai yi aiki ba, wannan datti ya kan kwanta a gindin kaskon da ke ƙarƙashin inji, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin ƙwarya. Man da ya yi sanyi kuma kauri gare shi, balle da safiyar hunturu. Wanda ya kwance noti a lokacin nan, na sama kaɗai zai fita, laka ta zauna. Ya zuba sabon mai na dubban Naira a kan tsohon datti ke nan, kafin mako ya kewayo sabon ya koma baƙi ƙirin.

Saboda haka doka ta fari ita ce a tsiyaye mai da ɗuminsa. Ku ta da inji ya yi aiki minti 5 zuwa 10, sa'an nan ku kashe. Idan kuwa daga doguwar tafiya motar ta dawo, ku bar ta ta huce kamar rabin sa'a tukuna, gama man injin da ya sha tafiya ya kan kai zafin tafasasshen ruwa, yana kuwa saɓule fatar hannu.

A tsai da mota a daidaitaccen wuri, ba a gangare ba, domin ramin noti a wurin da ya fi zurfi cikin kasko aka yi shi. In motar ta karkace, mai zai taru a wani lungu ya ƙi fita. A ja birkin hannu, a datse tayoyi da duwatsu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A-kori-kura da tarakta suna da tsayin da mutum zai shiga ba sai an ɗaga ba. In ƙaramar mota ce, gara a kai ta bakin rami irin na kanikawa.

Kafin a taɓa noti, a buɗe murfin zuba mai na sama domin iska ta shiga, mai ya sauko da sauri. A goge ƙasa da laka daga kewayen notin. A kuma tabbata notin inji ne, ba na giya ba, don a waɗansu motoci suna kusa da juna. Wanda ya tsiyaye man giya bisa kuskure, ya kuma ƙara lita huɗu a kan injin da ke cike, ya yi ɓarna biyu a aiki ɗaya. A sa kwano wanda ya fi ƙarfin man da zai fito, a matsar da shi gaba kaɗan, gama da fari mai ya kan yi tsalle. A nemi sifana daidai da kan notin. Filaya da guduma da kurfi su ne ke cinye kan noti har ya zama ba abin da ke kama shi. A juya wajen hagu, in ya saki a ƙarasa da yatsu, ana dannawa ciki har zagayen ƙarshe, kana a fizge hannu.

To, a nan ne a ke bukatar haƙuri. Bakanike mai layin motoci ya kan mai da noti tun mai yana zuba kamar zare, ku kuwa ba mai koranku. Ku ba shi minti 10 ko 15, sai ya koma ɗigo ɗaya ɗaya. Na ƙarshen nan shi ne mafi datti. Abu biyu ne kuma muke roƙonku ku bari, ko da ya ke an saba ganinsu a garejin bakin hanya. Na ɗaya, ta da inji ba mai a ciki wai don ragowar ta fita. Ko na ɗan lokaci kaɗan ne, ƙarfe na cin ƙarfe. Na biyu, wanke cikin inji da kananzir ko fetur ko dizal. Ba ya fita duka, abin da ya saura ya kan tsinka sabon man, dattin da ya ɓamɓaro kuma yana iya toshe ƙananan hanyoyin mai.

Yayin da a ke jira, a kai kwanon cikin hasken rana a duba. Baƙi ba laifi ba ne, man injin dizal ma nan da nan ya ke yin baƙi. Amma idan ya yi kalar shayi da madara, ruwan lagireto yana shiga inji. Idan yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, wani abu na cinyewa a ciki. Idan ya tsinke yana warin fetur, mai yana zurarewa inda bai kamata ba. Ko wanne aka gani cikin ukun nan, a gaya wa shugaban ƙungiya a nemi gwanin bakanike kafin a ɗora wa motar buhu ko ɗaya.

Wajen mai da noti kuwa, yawancin ɓarna daga ƙarfin tsiya ta ke zuwa. Ɗan zoben jan ƙarfe ko na alminiyum da ke wuyan notin shi ke hana yoyo, ba ɗauri ba. Kuɗinsa kaɗan ne, a sake shi in ya baje. A soma ɗaura noti da yatsu, ya shiga sumul, sa'an nan a ƙarasa da sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Ban da sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, ban da takawa da ƙafa. Injin babur da na ban ruwa jikinsu alminiyum ne mai laushi, in haƙoran ramin suka cinye sai yoyo kullum, gyaransa kuwa ya fi kuɗin mai nesa.

Filta ma tana riƙe da tsohon mai da datti, don haka tare a ke sake su. A duba kada robar tsohuwar ta manne a jikin inji. A shafa wa robar sabuwar ɗan sabon mai, a ɗaure da hannu kawai. A zuba mai irin wanda littafin injin ya faɗa, daga galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba. A ta da inji ba tare da taka totur ba, a ga jar wutar mai ta mutu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo. A kashe, a jira minti 5, a duba geji. Ya tsaya tsakanin alamu biyun nan, kada ya haye ta sama.

Ƙananan injunan ban ruwa irin Honda GX160 ba su da filtar mai sam, man da su ke ci kuma kamar lita 0.6 ne kawai. Kamfanin ya ce a juye bayan sa'a 20 na fari, daga nan kowace sa'a 100 ko wata 6. Mota mai bin hanyoyinmu na ƙura kada ta wuce kilomita 5,000. Magatakardan ƙungiya ya rubuta rana da kilomita ko sa'o'in aiki cikin littafi, gama direba ya kan manta, kuma direbobi su kan sauya.

Akwai inda dokar ɗumi ba ta aiki. Injuna da yawa sun yi shekaru a ajiye sa'ad da mutane suka bar gonaki saboda 'yan bindiga. Irin wannan kada a tashe shi da man da ke ciki, domin raɓa da ruwan damina sun iya taruwa a gindin kaskon. A tsiyaye shi da sanyinsa, a bar noti a buɗe sa'a guda ko fiye, a rufe, a zuba sabo, ya yi aiki 'yan kwanaki, sa'an nan a sake juyewa da ɗumi har da filta.

Tsohon man kuma a ɗura shi cikin jarka a toshe, a ajiye nesa da yara da rumbu. Kada a zubar kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa rafi. Mun san waɗansu na shafa wa shanu da awaki don kaska ko ƙazuwa, amma guba ce mai shiga jiki, dabba kuma ta kan lasa. A nemi malamin dabbobi. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Galan ɗin da aka juye kuwa a huda gindinsa kafin a yar, don akwai masu tsince su suna ɗura tsohon mai suna sayarwa da sunan sabo.